Yadda Ake Sayen Tsohon Babur Mai Hayaƙi a Zariya, a Kuma Tayar da Shi

A zaurukan gidaje da dama na cikin birnin Zariya da Tudun Wada, da ƙauyukan da ke kan hanyar Soba ko ta Giwa, akwai baburan da aka jingine da bango shekara ashirin ko fiye, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma, tayoyinsu sun sace har sun tsattsage, kaji kuma sun mai da ƙarƙashinsu makwanci. Mafi yawansu Suzuki 100 ne ko Yamaha 100, jefi-jefi kuma a ci karo da Besfa. Waɗanda suka fara hawansu malaman makaranta ne da malaman gona da ma'aikatan reluwe da na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da yawa an saye su ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikacin da ke zuwa ofis a kan keke ya iya mallakar mashin. Daga baya Jincheng ya zo, 'yan acaɓa suka yi yayinsa har zuwa lokacin da Bajaj Boxer ya karɓe titi. Har yanzu ana samun irin waɗannan babura, kuma ana iya mayar da su kan hanya, muddin mai saye ya san abin da zai duba kafin ya biya kuɗi da abin da zai fara taɓawa bayan ya kai gida.

Abin da ya haɗa su shi ne irin injinsu, wanda ake kira mai bugu biyu, mu kuma a nan muka fi saninsa da mai hayaƙi ko mai shan tu-ti, wato man shafawa na musamman da irin wannan inji ke ƙonawa. A injin Boxer ko na mota, sai fistan ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya, akwai bawul a kan injin, akwai kuma baƙin mai kwance a ƙasa yana shafe kayan ciki. Mai bugu biyu ba haka yake ba. Duk hawa ɗaya da sauka ɗaya wuta na tashi, fistan da kansa ne yake buɗe ƙofofin da aka huda a jikin silinda yana rufe su, fetur da iska kuma ba sa zuwa saman fistan sai sun fara ratsa ɗakin da karanshaf (sandar da fistan ke murzawa) ke juyawa a ciki, inda fistan ke matse su idan yana saukowa ya tura su sama. Wani ɗan Ingila mai suna Joseph Day ne ya yi rajistar wannan tsari a 1891, kuma a kansa aka gina duk baburan da muke magana a kai.

Abu biyu ke fitowa daga wannan tsari. Tunda fetur na bi ta ɗakin karanshaf, ba dama a zuba baƙin mai ya zauna a can, saboda haka dole man shafawa ya shiga tare da fetur ya ƙone tare da shi, kuma wannan ne asalin shuɗin hayaƙin da ke fita ta salansa. Sannan dole ɗakin ya kasance a rufe ruf, kada iska ta sami ƙofar da ba a yi mata ba. Kusan duk injin irin wannan da na ga ya mutu, ko dai ƙishin mai ne ya kashe shi ko satar iska, kuma wanda ya riƙe waɗannan biyu a ransa zai fahimci dalilin kowane mataki da zai biyo baya.

Wanne ya kamata a nema

Ga wanda bai taɓa yin wannan aiki ba, ina ba da shawarar ƙaramin babur mai silinda ɗaya. Suzuki A100, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1966, da Yamaha YB100 na shekarun 1970, su ne dattawan da suka fi yawa a ƙasar Zazzau. Suzuki ya yaɗu a Nijeriya ta hannun kamfanin Boulos na Legas, Yamaha kuma ta hannun John Holt. Su biyun suna da wata siffa da ke rikita sabon shiga: kafiretarsu ba a bayan silinda take ba, tana ɓoye a cikin murfin inji na gefen dama, domin wani faifai ne da ke juyawa tare da karanshaf yake buɗe wa fetur hanya yana rufewa. Jincheng kuwa, wanda ake ƙerawa a birnin Nanjing na ƙasar Sin, zubin Suzuki AX100 ne, mai cc 98, faɗin silindarsa milimita 50, tafiyar fistan ma milimita 50. Bai kai waɗancan tsufa da daraja ba, amma kayansa sun fi sauƙin samu a shagunan Sabon Gari, kuma babu bakaniken da bai buɗe cikinsa ba. Wanda yake son koyon aikin da hannunsa, da shi ya kamata ya fara.

Besfa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1946, nata sha'anin daban ne, domin jikinta na farantin ƙarfe shi ne ƙashin bayanta, saboda haka tsatsar da ta ci wurin ajiye ƙafa ba lahanin ado ba ce, lahanin ƙarfi ce. Manya masu silinda biyu irin Yamaha RD350 na 1973 kuma ba na farawa ba ne: komai nasu biyu-biyu ne, kuma kusan kowane ƙarfe sai an yi odarsa daga waje.

Ba a layin dillalai ake samun na kirki ba. A je wurin tsofaffin bakanikai na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, waɗanda suka yi wa baburan nan hidima tun suna sababbi, domin su ne suka san gidan da wane yake kwance da dalilin da ya kwantar da shi. Yana da kyau kuma a bar lambar waya wurin 'yan gwangwan, tunda sau da yawa su ake fara kira idan za a share zaure, su kuma da nauyin ƙarfe suke saye, ba da tarihinsa ba.

A nan ne zan faɗi abin da na fi so mai karatu ya riƙe game da saye. A nemi babur cikakke, ko da ba ya tashi, a guji wanda ke ƙyalli da sabon fenti amma an yi masa kwashe-kwashe. Fistan da ring da boris da sil (robar da ke hana iska da mai yoyo) duk ana sayen sababbi. Amma murfin gefe na asali, da gidan sarƙa, da agogon gudu, da fitilar gaba, da tambarin tanki, da salansar da ya zo da ita daga kamfani, waɗannan sai mutum ya yi wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano bai haɗa su ba. Sabon fenti kuwa a kan tsohon babur, sau da yawa walda yake ɓoyewa.

Dubawa kafin ciniki

A je da safe, da hasken rana, tare da bakaniken da aka amince da shi, a riƙe tocila da sufanar fulogi da tsumma da 'yar kwalbar man tu-ti. Suzukin da nake hawa yanzu a wani zaure na same shi kusa da Ƙofar Doka, wurin wani dattijo tsohon malamin gona. Bayan mun gaisa ya yaye tabarmar da kansa, na ce, "Baba, yaushe rabon da a tayar da shi?" Ya ce, "Tun shekarar da na ajiye aiki, ɗana. Ba lalacewa ya yi ba, gwiwa ce ta hana ni buga kik." Wannan amsa tana da amfani, domin babur ɗin da aka ajiye yana lafiya ya bambanta da wanda aka jingine saboda ya ƙwame a hanya, kuma tambayar dalilin ajiyewa ita ce ta farko da ya kamata a yi wa kowane mai sayarwa.

Idan ya daɗe a tsaye, kada a yi gaggawar taka kik da ƙafa. A cire fulogi, a zuba kamar cokalin shayi ɗaya na man tu-ti ta ramin, a jira 'yan mintuna, sannan a danna kik a hankali da hannu. Idan ya juya sumul, alama ce mai kyau. Idan ya cije, to ko tsatsa ta kama ring ko fistan ya taɓa narkewa ya manne, kuma dole farashi ya sauka sosai. Wanda ya juya, a toshe ramin fulogin da babban yatsa a taka kik: injin da ke da sauran ƙarfi zai ture yatsan da iska mai ƙarfi. Idan bakanike na da ma'aunin matsi, psi 120 zuwa sama abin farin ciki ne, ƙasa da 100 kuma yana nufin aikin ring ko na silinda na jira.

Fulogin da aka cire ma shaida ne. Idan bakinsa ya yi launin ƙuli-ƙuli, injin yana ƙona mai daidai lokacin da aka kashe shi. Baƙi mai danshi yana nuna mai ya yi yawa, wannan kuma da sauƙi. Wanda ya yi fari fat ko toka-toka shi ne abin tsoro, domin yana nufin injin ya yi ta gudu da iska mai yawa da fetur kaɗan, zafi kuma ya riga ya yi aikinsa a ciki. Don a tabbatar, a nemi izinin mai shi a kwance salansa daga bakin silinda, a haska tocila ta ƙofar hayaƙi. Ta nan ana ganin gefen fistan da ring ƙuru-ƙuru, kuma idan akwai zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa a jikinsa, an ga inda ya taɓa cijewa.

Sai a buɗe murfin hagu, a kama magneto, wato faifan da ke samar da wutar fulogi, da hannu biyu a gwada ɗaga shi sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba, motsi kuwa yana nufin boris ɗin karanshaf ya tafi, wanda ba a canza shi sai an raba injin gida biyu. A leƙa cikin tanki da tocila, a shafa ƙasansa ta wajen ɗinki inda ruwa ke kwanciya ya huda ƙarfe. A tsaya ta baya a duba ko taya biyu suna kan layi ɗaya, a kuma bincika wuyan babur da ƙarƙashin kujera don neman walda, musamman a Jincheng da ya yi acaɓa ko ya yi dakon buhunan masara daga ƙauye.

Idan kuwa babur ɗin yana tashi, a roƙi mai shi tun a waya kada ya ɗumama shi kafin a zo, a kuma taɓa silindar da bayan hannu don a tabbatar da sanyi take, domin injin da ya gaji yakan ɓoye gajiyarsa idan ya yi zafi. Bayan ya tashi, a murɗa totur a saki. Ya kamata ƙara ta sauko nan da nan. Idan ta rataye a sama tana jan lokaci kafin ta faɗo, iska na shiga ta wani wuri. Idan farin hayaƙi mai kauri da ƙauri ya ƙi raguwa bayan injin ya ɗumama, to sil ɗin gefen kuloci ya mutu, injin yana zuƙar man giya yana ƙonawa. A hau a zaga, a shiga kowace giya, a lura ko wata na fitowa da kanta idan an ba shi wuta.

Takardu

Lambar inji da lambar jikin babur, wadda galibi ake bugawa a wuyansa, dole su dace da abin da ke cikin takarda. Idan an ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, a haƙura komai arhar kayan. Tsofaffin babura da yawa takardunsu sun ɓace ko gara ta cinye, wannan ba laifi ba ne, amma sai a rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambobin biyu, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Idan mai babur ya rasu, kayan gado ne, kuma kada a biya ɗa ɗaya kuɗi sai an tabbatar sauran magada sun sallama, domin rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin darajar mashin. Bayan haka a je ofishin lasisi a mayar da mallaka da sunan mai saye kafin a fara hawa titi. Wajen taya farashi kuma, mutum ya ƙaddara cewa abin da zai kashe a gyara zai kai kuɗin sayen ko ya zarce, ya yi lissafinsa a kan haka.

Gyara daga ciki zuwa waje

Fenti shi ne na ƙarshe. Na faɗi haka da wuri ne saboda shi ne abin da zuciya ta fi so a fara da shi, kuma na ga babura da yawa da suka sha fenti mai tsada suka koma zaure saboda kuɗin inji ya ƙare a wurin mai feshi.

A fara da wanki da kananzir da buroshi, a ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi, musamman hanyar da wayoyin wuta da igiyoyin totur da kuloci suka bi. Kowane rukunin noti a zuba shi a gwangwaninsa a rubuta sunansa. Tanki mai tsatsa ana zuba masa tsofaffin noti da kananzir a yi ta girgizawa har ɓawon ya saki, a zubar, a cika shi da ruwan binega ya kwana biyu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, sannan a zuba ɗan fetur mai haɗe da tu-ti a juya nan take, domin ƙarfen da aka wanke yana sake tsatsa cikin sa'o'i. A sa ƙaramar matatar fetur a kan tiyo. Kafireta kuma a warware ta gaba ɗaya, a jiƙa, a hura kowace ƙofa da iska. Kada a yarda yaron shago ya zura allura ko wayar ƙarfe a cikin jet, wato ɗan noti mai rami da ke auna fetur, domin tagulla ce mai laushi, kuma faɗaɗa ramin da ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya ɓata ma'aunin fetur.

Wuta ba ta da wahala. Tsofaffin nan yawanci batirinsu na bolt 6 ne, kuma wutar fulogi daga magneto take fitowa ta hanyar kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa) da kwandensa. A goge bakin kwantak, a saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, tazarar bakin fulogi kuma tsakanin 0.6 da 0.7, a jingina fulogin da jikin inji a taka kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so, ba ja mai rauni ba.

Sil ɗin karanshaf guda biyu, na hagu da na dama, a canza su ko da injin yana tashi. Roba ce, kuma robar da ta yi shekara ashirin tana shan zafin bazara da bushewar hunturu ta riga ta ƙandare. Na hagu idan ya saki, iska yake zuƙa ta bayan magneto, fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, zafi ya hau, fistan ya kumbura ya cije ko ya huje a tsakiya, kuma wannan yakan faru ne a daidai lokacin da mahayi ke jin daɗin yadda babur ɗin ke gudu a kan hanyar Kano. Kuɗin sil biyu bai kai kuɗin fistan ɗaya ba. Tunda za a buɗe, a duba boris da sandar fistan: ɗan motsi gefe da gefe a gindinta daidai ne, amma motsi sama da ƙasa ba a yarda da shi.

Idan silinda ta zazzane ko ta faɗaɗa, sai a kai ta wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a yi mata abin da bakanikai ke kira ribo. Fistan na ƙari yana zuwa mataki-mataki, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita, kuma ƙa'ida ita ce a sayi fistan tukuna a kai shi tare da silindar, a sassaƙa ta daidai da shi, a kuma ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da zai share zanen domin a bar wa gaba abin sassaƙa. Bayan ribo, gefen ƙofofin cikin silinda yakan yi kaifi kamar wuƙa, dole a dasashe shi kaɗan da ƙaramar zarto mai laushi, in ba haka ba zai kama ring ya karya. Wajen haɗawa, kibiyar da ke saman fistan tana fuskantar salansa, bakin kowane ring kuma yana zama a kan ɗan ƙaramin fegin da ke cikin kwarinsa. Wanda ya danna silinda da ƙarfi alhali ring ya hau kan fegin, a nan take zai karya shi. A sa sabon fakin (abin da ke toshe tsakanin ƙarfe biyu) ko'ina, a shafe komai da tu-ti kafin a rufe, a ɗaure notin kan inji a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Maganar mai

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Tun a 1964 Yamaha ta fito da famfon da ke auna mai da kansa daga wani ƙaramin tanki, ta kira shi Autolube, Suzuki ma ta biyo da nata mai suna CCI. Bakanikai da yawa idan suka ga famfon ya tsufa sai su ce a cire shi kawai a riƙa haɗa mai a tanki. A wasu injuna wannan yana yiwuwa. Amma a Suzuki da yawa masu CCI, famfon yana da tiyo da ke kai mai kai tsaye cikin boris ɗin karanshaf, kuma man da aka haɗa a fetur ba ya isa wurin yadda ya kamata. Na taɓa bin irin wannan shawara a kan wani babur da na riƙe kafin wannan, bai yi wata uku ba ya fara gurnani daga ƙasa, wata rana da yamma kuma ya tsaya cak a gangaren gadar Kwangila, da aka buɗe aka tarar boris ya yi shuɗi don zafi. Tun daga ranar, idan bakanike ya ce mini a cire famfo, sai in ce, "Maigida, a wanke shi a gwada tukuna, in ya ƙi sai mu nemi wani."

Gyaran famfo ba wuya: a wanke tankin mai, a canza tiyon da ya ƙandare, a kwance ɗan notin fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a kuma saita igiyarsa yadda alamomin da ke jikinsa za su haɗu kamar yadda kamfani ya tsara. A tankin fetur na farko bayan gyara, a haɗa ɗan tu-ti duk da akwai famfo, har sai an ga da ido cewa man da ke ƙaramin tanki yana raguwa.

Wanda babur ɗinsa na haɗi ne, wato marar famfo da ake haɗa masa mai a cikin fetur, ya daina aunawa da ido ko da murfin galan. Ya sayi sirinji babba a kemis. Haɗin kashi 50 da 1 yana nufin mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, wanda shi ne kashi 2 cikin 100 da yawancin Besfa ke buƙata. Haɗin 25 da 1 kuma mililita 40 ne a lita, wato 160 a lita huɗu. A bi abin da kamfani ya rubuta, wani lokaci yana nan a kan murfin tanki. A haɗa a jarka a girgiza kafin a zuba. Man kuma ya zama na babur mai bugu biyu, wanda aka rubuta JASO FB ko FC ko FD a jikin robarsa, a saya a rufe daga wurin da aka sani. Baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji, ba a yi shi don ƙonewa ba, yana barin gawayi da ke toshe ƙofar hayaƙi ya manne ring. Man giya daban yake da wannan, yana da nasa wurin zubawa, kuma a canza shi tun ranar farko.

Gawayin shekaru yana nan a cikin salansa, shi ya sa wani babur ke tashi lafiya amma ya kasa hawa tudu. A zare bututun da ke cikinta ta baya, a ƙona shi a wuta a kakkaɓe, a kankare ƙofar hayaƙin silinda da katako ko ƙarfe marar kaifi. Wasu na jiƙa salansa a ruwan sodar da masu sabulu ke amfani da ita, kuma tana aiki, amma da safar hannu da kariyar ido, kuma kada ta kusanci kowane sashe na alminiyom domin cinye shi take yi. Kada a huda salansa don neman ƙara, domin a mai bugu biyu siffarta na cikin abin da ke ba injin ƙarfi.

Taya da tiyub da fatar birki da igiyoyi duk a sa sababbi ba tare da jayayya ba. Tsohuwar fatar birki takan ɓalle daga ƙarfenta ta kulle taya ana cikin tafiya. A jikin sabuwar taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1223 na nufin mako na 12 na 2023, a duba kada a sayi wadda ta tsufa a shago. Sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya tare ake canza su, a bar mata sassauci kamar milimita 20 zuwa 30. Sai bayan duk wannan a zo kan fenti, kuma idan na asalin yana nan ko da ya dushe, ni dai na fi son a wanke shi a goge a bar shi da shekarunsa.

Tayarwa da horarwa

Ranar tayarwa a fito da shi fili, a buɗe fetur, a ja cok, a taka kik. Zai yi hayaƙi mai yawa na 'yan mintuna saboda man haɗawa, wannan ba komai. A bar shi ya ɗumama a kashe, ya huce sarai, a maimaita sau biyu ko uku kafin a hau. Kilomita 500 na farko a bi shi a hankali, kada totur ya wuce rabi, kada kuma a riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci; zagayen Samaru zuwa PZ da dawowa ya fi masa amfani a kan doguwar tafiya zuwa Kaduna. Idan ana cikin tafiya aka ji ƙarfi ya ragu farat ɗaya ko ƙara ta canza, a kama kuloci nan take a gangara gefe, domin fistan ne ke shirin cijewa, kuma kama kulocin ne ke hana tayar baya kullewa. Mai babur na haɗi ya kiyaye gangara mai tsawo da totur a rufe cikin giya, tunda rufe fetur rufe mai ne. Hular kwano kuma tun daga zagayen farko.

Bayan kilomita 500 a sake ɗaure notin kan inji yana sanyi, a juye man giya, a duba launin fulogi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe Kufena har ba a ganin dutsen daga Wusasa, a riƙa wanke soson matatar iska duk mako biyu, a shafa masa ɗan mai a matse, domin ƙurar da ta wuce shi kai tsaye take zuwa kan boris da fistan. Idan kuma tafiya ta kama za a bar shi fiye da wata guda, a rufe makunnin fetur a bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa, a zuba cokalin tu-ti ta ramin fulogi a juya kik sau biyu, a toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, a ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya yadda tayoyi ba za su ɗauki nauyi ba, sannan a lulluɓe shi.